Goggo a Cikin Barmil, Farin Jirgi a Mina

Ba a tafi da Goggo ba! Wannan nake so ku fara sani, don kar hankalinku ya tashi yadda namu ya tashi. Farin jirgin ya busa ƙahonsa da la'asar ya kama gabansa, Goggo kuwa tana tsakar gida a kan tabarma, tana fifita da murfin kwano, tana yi wa kowa tijara. Mun ci! Sai dai akwai abin da ni na ɓata a ranar, da hannuna, da biro, kuma saboda shi nake wannan rubutun.

To bari in koma baya.

A Jidda aka haife ni, a wani lungu can bayan unguwar Bagdadiyya, inda gidajen siminti suka ƙare aka shiga na kwano da katako. A shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, ina aji biyu a mutawassiɗa, ya'ni ƙaramar sakandare ta 'yan mata. Babana ɗan dako ne a mina, tashar jiragen ruwa ke nan. Yana da iƙamarsa, ya'ni izinin zama, mu ma muna cikin takardarsa. Goggo kuwa, yayarsa, ko yagaggen kati ba ta da shi. Ba don ba ta samu dama ba fa. Lokacin da aka ce kowa ya je a ɗau hotonsa a rubuta shi, cewa ta yi wayo ne, so ake a tara mu wuri ɗaya a kwashe. Kowa ya je ya dawo lafiya, ta ce ai jira suke a saki jiki. Haka ta zauna. In 'yan jawazat, masu binciken takardu, suka kama ta, tarhil ne kawai: a sa ta a jirgi a mayar da ita ƙasar da ta baro tana budurwa, inda babu sauran wanda zai gane fuskarta.

Ba ita kaɗai ba ce marar takarda a lungunmu. Shi ya sa muke da turmi.

Kun san turmi mai hatsi a ciki, ƙararsa nauyi gare ta, dum, dum, kamar daga ƙasa take fitowa. Wanda babu komai a ciki kuwa, ƙwal-ƙwal yake yi, a sama. To duk matar da ta hango motar jawazat, ko wani mai kama da su, sai ta jawo turmi wayam ta buga sau uku da sauri, ta tsaya, ta sake uku. Maƙwabciya ta ji ta ɗauka, ta gaba ma ta ɗauka. Kafin mota ta sha kwana, labari ya kai ƙarshen lungu, kowa ya shige maɓoyarsa. Su in sun iso me za su gani? Mata na daka. Daka ai ba laifi ba ne.

Maɓoyar Goggo barmil ne, durom ɗin ruwa. Guda biyu ne a bakin ƙofarmu ta waje, inda mai jaki ke zuba mana ruwa. Ɗaya na ruwan ne da gaske, ɗayan ko ɗigo ba a taɓa zuba masa ba. Dabararta ce. Ta ce 'yan jawazat ɗaki suke faɗawa su leƙa ƙarƙashin gado, ba mai kallon abin da ya wuce ta gefensa a bakin ƙofa. Ita kuma 'yar ficiciya ce, in ta naɗe ƙafa sai ta shige tsaf, a ɗora katako a rufa buhu. Minti biyar, goma, an wuce, ta fito tana karkaɗe zane.

Ranar muna hutun bazara. Sakamakon jarrabawa ya fito, na cinye Ingilishi cinyewa ɗaya, ba wanda ya huta da ni a gidan. Har akuyarmu da Turanci nake gaishe ta. Sai ga Baba ya dawo da hantsi, abin da ba ya yi.

"Yau ba aiki," in ji shi. "Wani jirgi ya tare mana wuri. Fari fat, hawa-hawa kamar gidan bene. Ko buhu ɗaya bai zo da shi ba."

"Alhazai ne?" in ji Inna, mahaifiyata.

"Wane alhazai, Hajji da sauran watanni? Nasara ne, tsofaffi, da manyan huluna. Wai yawo suke. Ruwa da mai suka tsaya ɗauka, da yamma su wuce."

"Yawo zuwa ina?" in ji Goggo.

"Ba ko'ina, Yaya. Su zaga duniya su koma inda suka fito."

Goggo ta ajiye carbinta. Matar da ta ƙetaro daga Sawakin ta gaɓar Sudan a cikin kwalekwalen katako, kwana da kwanaki tana amai tana salati, ita za ka gaya wa wannan?

"Kai har yau yaro ne. Akwai mahalukin da zai hau teku da ƙafarsa, ba Hajji, ba fatauci?"

"Wallahi Yaya har tafki ne da su a samansa, suna wanka a ciki."

"Tafki a cikin jirgi, jirgi a cikin teku. Ka ji ƙaryar ta fito da kanta. Sun sauko?"

"An hana su. Suna dai tsaye a sama da madubin hangen nesa, suna kallon gari."

"Kallon me? Me ke garin nan na kallo? Unguwarmu suke aunawa. Jirgin da ya zo wayam, ɗauka ya zo yi. Ɗakuna nawa ne a ciki?"

"Ban ƙirga ba."

"Su sun ƙirga mu."

Baba ya yi dariyar yaƙe. Ya sa takalmi ya ce bari ya koma ya ji abin da ake ciki. Maganar kuwa ta fita ta katangar kwano, ta zaga lungu, kafin ta dawo mana an ƙara mata sarƙoƙi a ƙasan jirgin, an ƙara mata sojoji.

Ana gab da azahar muka ji. Ƙwal-ƙwal-ƙwal. Shiru. Ƙwal-ƙwal-ƙwal. Daga bakin lungu ne, turmin Hajja mai ƙosai, wata Bahaushiyar Sudan da ke suya a nan, wadda ko kyanwa ba ta shiga lungun ba ta san daga ina ta fito ba.

"Ban faɗa ba?" in ji Goggo, har da ɗan jin daɗi a muryarta. Wuf, ta shige barmil. Na ɗora katako, na rufa buhu, na dawo ciki na rufo ƙofa. Inna ta ja taɓarya ta ɗauki kiran. Ni kuma na liƙa ido a wata huda da ke jikin kwanon katanga.

Ba mota. Mutum ɗaya ne, a ƙasa.

Baƙi ne kamar mu, dogo, farin wando, farar riga mai maɓallai masu ƙyalli, hula mai baki. Wani ɗan akwati na rataye a kafaɗarsa, igiya ta fito daga ciki ta tafi zuwa wani abu mai kamar kan muciya da ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin irinsa ba, amma na san sunansa nan take: na'urar kiran mota.

Tafiyarsa ce ta fi ba ni tsoro. Duk gidan da turmi ke ƙara, nan yake nufa, ya tsaya a ƙofa ya miƙa kan muciyar nan. Matar gidan ta tsorata ta ajiye taɓarya. Na gaba ya ɗauka, sai ya juya ya bi na gaba. Ya'ni abin da muka ƙirƙira don mu tsere wa mutum, shi mutumin ke bi kamar an shimfiɗa masa hanya. Kuma duk barmil ɗin da ya wuce a ƙofar gida, sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya kasa kunne.

"Inna," na ce, "barmil-barmil yake bi."

"Ya Laɗif," in ji Inna, amma ba ta daina bugawa ba, hannunta ya riga ya saba. Gidanmu kuwa shi ne na ƙarshe, lungun ba ya ɓullewa. Turminmu kaɗai ya rage yana magana. Sai da inuwarsa ta rufe hudar da nake leƙe sannan Inna ta saki taɓarya.

Ya yi sallama, wata karkatacciya, kamar wanda ya koye ta da safe. Sai ga Hajja mai ƙosai ta biyo shi a baya, da dogon cokalinta na tsame ƙosai a hannu, mai na ɗiga.

"Sannu ɗan nan. Daga ina?"

Ya yi murmushi ya girgiza kai. Ta juya Larabci. Ta juya Fulatanci, ta juya Barbarci, har 'yar Zabarmar da ta sani ta gwada. Shi dai murmushi.

"Ƙarya yake, yana ji," ta ce da ƙarfi don mu ji daga ciki. "Ku dubi goshin nan. Irinsu ake ɗauka, namu na jiki, a sa musu farar riga su zo su ƙirga mu."

Sai ya yi magana, doguwa. Na gane ko wane yare ne. Inna ma ta gane daga fuskata.

"Ke mai gaida akuya da Turanci, yalla, tashi, ga mutum ya zo."

"Inna, ai na littafi ne nawa."

"Shi ma karanta masa. Ki sallame shi, Goggonki na dahuwa."

Gaskiya ne. Inuwar da ke bakin ƙofa ta janye, rana ta sauka a kan ƙarfen barmil sosai. Wanda ya san zafin Jidda na bazara, wanda iska ke manne wa mutum kamar jiƙaƙƙen tsumma, ya san abin da nake faɗa.

Na ja mayafi, na buɗe ƙofa kaɗan, na tsaya a bayanta. Wallahi duk Ingilishin da na cinye, ya cinye ni. Tambayar shafin farko kawai ta zo mini, na ce masa me sunanka. Ya faɗa, tsoro bai bar ni na riƙe ba. Turancinsa ba irin na malamarmu ba ne, rausaya yake kamar waƙa, kalma na haɗiye kalma. Cikin duk abin da ya zuba, huɗu na cafke: jirgi, kiɗa, tsibiri, kaka. Ya tsuguna ya zana wata babbar ƙasa a rairayi da yatsa, ya zana ruwa mai faɗi, ya ɗiga wani ɗan ɗigo can nesa, ya nuna ƙirjinsa. Sannan ya miƙe ya kwaikwayi daka, ya sake cewa kaka.

"Wai makaɗi ne a jirgin," na ce. "Wai a garinsu kakarsa ma tana daka, shi ne ya ji ya biyo."

"Makaɗi da maɓallan gwal?" in ji Hajja. "Tabɗi. Ce masa ina gangarsa."

Na harhaɗa na tambaya. Ya yi dariya har haƙoransa suka fito duka, ya ɗaga hannu ya nuna.

Barmil ya nuna.

Inna ta damƙe hannuna ta bayan ƙofa har sai da farcenta ya shiga. Shi kuwa ya matsa, ya ƙwanƙwasa na ruwan, ya saurara, ya taɓe baki. Ya koma na biyun. Ya ƙwanƙwasa. Ya tsaya. Ya ɗaure fuska kamar likita, ya sake ƙwanƙwasawa ta gefe, ta sama, ya kara kunnensa kusa da ƙarfen. Sannan ya sa tafin hannu biyu a kan katakon ya buga. Kun san me ya buga? Uku da sauri, ya tsaya, ya sake uku. Kiranmu, a kan Goggo.

Katako ya yi sama, buhu ya yi gefe.

"Halas! Shi ke nan, ɗan nema! Ga ni, a tafi da ni! Gara tekun da wannan azaba. Tun kafin a haife ka nake ɓuya, ba wanda ya taɓa yi mini kiɗa a ka!"

Ta miƙe a cikin barmil, gumi na zuba kamar an tsamo ta daga rijiya, ta miƙa masa hannuwanta biyu a haɗe don ya ɗaure. Mutumin ya yi baya ya zauna daɓas a ƙasa, hula ta faɗi. Ya dubi Goggo, ya dubi barmil, ya dube ni. Wa zai yi masa bayani? Babu wannan darasin a littafinmu.

Mu muka fito da ita. Ƙafarta ta sage, muka zaunar da ita a dokin ƙofa. Sai ya tashi da sauri ya ɗebo ruwa da moɗa daga ɗaya barmil ɗin, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu. Goggo ta kalli moɗar, ta kalle shi.

"Ce masa ya fara sha."

"Goggo, ruwanmu ne fa."

"Ta hannunsa ya biyo."

Sai da ya kurɓa, ta jira ta ga bai faɗi ba, sannan ta shanye.

Ana haka Baba ya iso da gudu, labari ya riske shi a hanya. Yana ganin mutumin ya ja birki.

"Wannan ai na gan shi yana saukowa. Cikin ma'aikatan jirgin ne, 'yan kaɗan aka ba takardar yini ɗaya."

"Wa ya ba su?" in ji Hajja.

"Ofishin mina."

"To ka ji. Ofis."

Baba ya juya ga mutumin. Ya dai shimfiɗa tabarma a inuwar katanga ya zaunar da shi, tunda baƙo ne, kuma ya fi kyau a zaunar da shi inda ake ganin hannuwansa. Mutumin kuwa, don ya wanke kansa, ya jawo akwatin nan, ya danna wani maɓalli, wani abu ya yi ƙiii a ciki, ya danna wani.

Ƙwal-ƙwal-ƙwal. Ƙwal-ƙwal-ƙwal.

Daga cikin akwati! Kafin mu rufe baki, wani turmi ya ɗauka a gida na uku, na huɗu ya amsa, ƙofofi suka fara bugawa. Wani tsoho da ya fito daga ɗakin kaji yana kakkaɓe gashin kaza, ya juya ya sake komawa. Baba ya yi ta ɗaga hannu yana ihu, "Ba kowa! Rakoda ce! Rakoda!"

Yanzu ina rubutawa ina dariya. A lokacin ba wanda ya yi. Hajja ta sauke murya ta faɗi abin da kowa ke tunani.

"Asirinmu na cikin akwatin nan. Sau ɗaya a kunna shi a ofishin jawazat, an gama da turmi. Gobe duk matar da ta yi daka a kama ta."

"A fasa shi," in ji Inna.

"A fasa kayan baƙo mai takardar mina?" in ji Baba. "Ya kira 'yan sanda, su zo su ce kowa ya fito da iƙama? Wa za a fara tambaya?"

Duk muka dubi Goggo. A bar shi ya tafi, mushkila. A taɓa shi, mushkila. Shi kuma yana zaune yana bin bakinmu da ido, yana murmushin wanda ya san ya yi ɓarna amma bai san wacce ba.

"Ku zubo masa tuwo," in ji Goggo.

Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa. Aka ajiye masa, ba cokali, da gangan. Muka zuba ido, ni ta bayan ƙofa, Hajja a tsaye a kansa. Ya wanke hannu. Ya sa na dama ya gutsuro, ya mulmula, ya danna babban yatsa a tsakiya ya yi ɗan rami, ya kwaso miya, ya kai baki ya haɗiye bai tauna ba. Ko yauƙin bai ɗiga masa a farar riga ba, ya san yadda ake juya hannu a yanke shi. Ya tsaya, ya dubi kwanon, ya faɗi wata kalma a hankali, idonsa ya kawo ruwa.

"Hm," in ji Goggo. "Ko dai an koya masa, ko dai namu ne da aka bi da su ta ɗaya tekun. Mu mun yo gabas da ƙafarmu, su an yi yamma da su a ɗaure."

"An koya masa," in ji Hajja.

"Wataƙila." Ta juyo gare ni. "Ke 'yar boko. Tambaye shi, akwatin nan yana mantuwa?"

Ta ina zan fara? Sai na nuna akwatin, na kwaikwayi yadda malama ke goge allo. Ya gane! Ya nuna mini da yatsa: a mayar da zaren baya, a ɗora sabo a kan tsoho, tsohon ya tafi.

"Ɗayyib, ya yi. Gaya masa abin da ya ɗauka ba daka ba ne, shirmen yara ne. In dakan kakarsa yake nema, ya goge wancan, in ba shi na gaske."

Ban san yadda na faɗa ba, rabi da baki rabi da hannu, amma ya mayar da zaren baya har farko, Baba na tsaye a kansa. Aka fito da turmi bakin ƙofa, aka zuba gero. Goggo, wadda ɗazu ba ta iya tsayuwa, ta ɗaure zane ta karɓi taɓarya, Inna ta ɗauki ta biyu.

Jama'a, lugude! Ta jefa taɓarya sama, ta tafa, ta cafke, ta sauke daidai inda Inna ta ɗaga. Sannan ta buɗe baki ta yi waƙa. Tunda nake ban taɓa jin Goggo ta yi waƙa ba, bayan ranar ma ban sake ji ba. Waƙar 'yan matan garinsu ce, suna roƙon hadari ya dakata su kwashe shanya. A Jidda, inda sai a shekara ba a ga hadarin kirki ba. Muryar siririya, tana rawa, amma ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Matan lungu suka fito suka tsaya a ƙofofinsu. Mutumin ya riƙe kan muciyar nan da hannu biyu, bai motsa ba har ta gama.

Baba ya sa shi ya kunna daga farko har ƙarshe, don a tabbatar babu sauran uku-uku a ciki. Babu. Sai gero, sai tafi, sai muryar. Goggo ta rufe baki da gefen mayafi.

"Wace tsohuwa ce wannan?"

"Ke ce, Yaya."

"Ƙarya ne. Akwatin ya ƙara mini shekaru."

Sai muka ji ƙahon jirgi daga can mina, doguwar busa. Mutumin ya dubi agogo ya zabura. Ya ciro ɗan littafi da biro daga aljihu, ya miƙo mini ta gefen ƙofa. Wannan karon na gane shi sarai: in ya koma gida zai kwafi kaset ɗin ya aiko wa tsohuwa nata, a rubuta masa inda zai aika.

Na faɗa musu.

"Rubuta masa na kantin Bahadarame," in ji Goggo. Nan ne muke karɓar wasiƙa, mai kantin, wani Balarabe, yana da akwatin gidan waya, duk lungun da shi muke amfani. Lambar tana kaina, ko daga barci aka tashe ni.

Na riƙe biro. Mutumin nan ya ga fuskar Goggo. Ya ga barmil ɗinta. Ya san lungu, ya san ƙofa. Saura takarda kawai, da rubutun hannunmu, mai nuna kantin da ya san sunan kowa. Na dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Na dubi Hajja, ta ɗan girgiza cokali.

Sai na rubuta Aziziyya, unguwar da ba mu da kowa, na sa lambar da ta faɗo mini a ka. Na tsara haruffan Ingilishi ɗaya bayan ɗaya, masu kyau, irin waɗanda na ci jarrabawa da su. Ya duba, har ya ɗaga mini babban yatsa. Ya durƙusa wa Goggo, ya shafa barmil ɗin a hankali, ya fita lungun da sassarfa. Baba ya bi shi daga nesa har ƙofar mina, don ya ga ko zai ratse wani ofis. Bai ratse ba. Baba ya tsaya har jirgin ya ja baya, tsofaffin nan na ɗaga hankici, ko wa suke ɗaga wa oho.

Da na raɗa wa Inna abin da na yi, rungume ni ta yi. "Allah ya yi miki albarka, yau Ingilishi ya yi rana." Baba ya dafa kaina. Aka yi shawara kar a gaya wa Goggo. Ni kuwa kwana uku ina tafiya kamar ba na taka ƙasa: ni ce na sha ɗan leƙen asiri da biro! Duk da haka lungu bai yarda ba, aka canza kiran daga uku zuwa huɗu, Goggo ta bar barmil ta koma bayan buhunan gawayi.

Da wata ya kama sai ta ce, "Ku leƙa kantin nan, saƙona bai iso ba?" Baba ya je ya dawo ya ce babu. Wani watan ma haka. Shekara ta zagayo, ta biyu ta bi ta. Wata rana tana tsince shinkafa ta ce, "Ban faɗa muku ba? Ɗan leƙen asiri ne. Da mutumin kirki ne, da ya aiko." Ta faɗa da jin daɗi, don Goggo na son a ce ta yi gaskiya. Amma daga nan hannunta ya tsaya a cikin tire ya daɗe. Ina zaune a gefenta. Ban gaya mata ba.

A Jidda ta rasu, a Jidda aka binne ta, ba iƙama, ba wanda ya taɓa kama ta. Hoto ko ɗaya ba ta bari ba, kun san yadda take da hoto. Waƙar kuwa rabin muryarta kawai na riƙe, kalmomin sun zube.

Ba zan rantse cewa mutumin nan ba shi da wata manufa ba. 'Yan jawazat sun ci gaba da zuwa kamar kullum, wa ya san wa ya gaya musu me? In ranar ta sake dawowa, ban san abin da hannuna zai rubuta ba. Amma kwanaki jikokina suka nuna mini a waya wasu mutane suna kiɗa a kan yankakken barmil, suka ce a tsibiran Karibiyan ake yi. Na ce ashe da gaske gangarsa ce ya nuna. In haka ne, wataƙila ya aika, saƙon ya je Aziziyya ya rasa mai shi. Wataƙila nasa kaset ɗin na cikin wani akwati a wani ɗan ɗigon tsibiri, jikokinsa na jin wata tsohuwa na waƙa ba su san me take cewa ba.

Da Larabci na yi karatu, rubutun Hausa kwanan nan na koya, kuma ga shi na rubuta wannan da kaina. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa wani. Mai jin Turanci ya juya shi ya tura can. A tambayi duk wanda kakansa ya yi kiɗa a farin jirgin yawo da ya yini ɗaya a Jidda, ko akwai kaset mai daka da tafi da muryar tsohuwa. In akwai, namu ne, muna nan. Ku tura.